Darasin Bagega ga Masu Koyon Harhaɗa Magunguna



A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suna zagayen sa ido kan cutar sanƙarau a Jihar Zamfara, sai suka tarar da yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, ya shiga jijjiga, ya shiɗe. An ba da maganin maleriya, an ba da na sanƙarau, babu sauƙi. Sai da aka kai jini Turai aka auna kafin a gane cewa gubar dalma ce. Fiye da yara 400 suka rasu a Dareta, 'Yargalma, Abare, Sunke, Tungar Daji, Bagega da maƙwabtansu. Allah ya jiƙan su, ya ba iyayensu haƙuri.

Gubar ta zo ne da neman halal. Zinariya ta yi tsada, mutane suka riƙa kwaso dutse daga rami zuwa gida. A fasa shi da guduma a tsakar gida, a niƙa a injin, wani lokaci ma a turmin da ake daka hatsi. Dutsen nan cike yake da dalma. Ƙurarsa ta sauka kan tabarma da kwanon tuwo, yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki. Hanjin yaro yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar a kan na babba, ta bi jini ta taɓa ƙwaƙwalwa, saura ta kwanta cikin ƙashi.

Maganin da aka fi amfani da shi a Zamfara sunansa succimer, ko DMSA. Yana kama dalmar da ke cikin jini, ƙoda ta fitar da ita ta fitsari. Ana fara shi idan awo ya kai maikirogiram 45 a kowace desilita ta jini. Zangon da aka saba kwana 19 ne: sau uku a rana na kwana biyar, sannan sau biyu na kwana 14, gwargwadon nauyin yaro. Kafson yana da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, dole a buɗe shi a gauraya da abu mai zaƙi kafin ɗan shekara biyu ya haɗiya. Da an gama zango, dalmar da ke ƙashi sai ta sake tasowa cikin jini, a koma wani zangon. A 2014 mujallar PLoS Medicine ta buga nazarin zango 3,180 da aka yi wa yara 1,156 na wannan yanki. Duk likitan da zai yi maganin dalma a duniya yau yana da abin koyo daga 'ya'yan Anka da Bukkuyum.

Bagega kuwa ta koya mana inda ƙarfin magani ya tsaya. An share wasu ƙauyukan tun 2010 da 2011, amma ita ta jira har 2013, bayan matasa irin su Hamzat Lawal sun yi ta kiraye-kiraye gwamnatin tarayya ta saki kuɗi. Duk tsawon lokacin likitoci ba su iya fara cikakken magani a garin ba, domin yaron da ya sha succimer ya koma wasa cikin gurɓatacciyar ƙasa, an yi aikin baban giwa. Sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, sannan ƙwaya ta yi amfani.

To, ina tsangayoyinmu na harhaɗa magunguna suke a wannan labari? Muna da su a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Bayero ta Kano. Ina da roƙo uku gare su.

Na farko, ilimin guba ya fito daga takarda ya shiga ɗakin gwaji. Kada ɗalibi ya kammala bai taɓa auna dalma a jini ko ƙasa ko ruwan rijiya da hannunsa ba. A 2015 irin wannan musiba ta afka wa ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja, kuma har gobe ana haƙar zinariya.

Na biyu, bincikenmu ya ɗauko tambayoyinsa daga ƙofar gida. Yaya za a sarrafa succimer ya zama na ruwa wanda yaro zai sha, ya kuma jure zafin bazara? Nawa ne dalmar da ke cikin kwallin da iyaye mata ke sa wa jarirai, ko cikin wasu haɗe-haɗen gargajiya na kasuwa? Me zaibar da mahaƙa ke ƙonawa don tace zinariya take yi wa huhu da ƙodarsu?

Na uku, mu koyar da magana da jama'a. A ƙauye mai kemis ake fara kai wa yaro kafin asibiti. Idan ya san ya tambayi uwa, "Ana niƙa dutse a gidanku?" to zai iya ceton rai da wannan tambaya ɗaya. Horar da shi aikinmu ne, kuma da Hausa za a yi.

A 2022 MSF ta miƙa aikin dalma ga hukumomin Zamfara. Baƙi sun yi nasu, saura 'yan gida. Ɗalibai, idan kun zo zaɓen batun kundin kammala karatu, ku tuna akwai yara a yammacin Zamfara da suka girma da dalma a ƙashinsu, kuma suna bukatar wanda zai bi lafiyarsu shekara da shekaru. Wasu daga cikinku su ɗauki wannan nauyi. Allah ya yi wa karatunku albarka.