Jawabin Kwamitin Ilimi A Kan Kwamfutocin Da Muke Aikawa Gida



An umarce mu da mu yi 'yar magana a kan wani kuka da ya yi yawa. Da yawa daga cikinmu 'yan ƙasar Katagum mazauna wannan zango mun matse bakin aljihu mun sayi kwamfutar cinya, galibi ta gwanjo, mun aika wa 'ya'yanmu masu karatu a gida, wasu a Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare, wasu a jami'ar jiha ta Gaɗau, wasu kuma a Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a Azare a 2021. Ba a rufa wata uku ba sai waya: "Baba, kwamfuta ta mutu." Uba ya hau zargin mai shago, ko ya ce yaro ne bai san zafin nema ba. Mu ma bara ta faɗa mana, saura mako biyu 'yarmu ta miƙa kundin kammala karatu. Da aka duba, ashe kwamfutar lafiyarta ƙalau.

To, ga yadda abin yake. Idan yaro ya rufe murfi, ba kashe ta ya yi ba, gyangyaɗi kawai ta shiga, wato abin da aka rubuta wa Sleep. Aikin yana riƙe a ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi, wadda ba ta riƙe komai sai da wuta, saboda haka batir na tsiyaya a hankali. Wasu sababbin ma sukan motsa da kansu a cikin jaka. Ku dubi yaron da ya cusa ta a jaka, ya hau mota daga Azare zuwa Gamawa ko garin Katagum a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya kuma tarar ba wuta kwana biyu. Ta gasu, batir ya ƙare ƙaf. An tsara ta ta ceci aikin kafin hakan, amma gajiyayyen batirin gwanjo yakan yanke ne ba sallama, abin da ba a adana ba ya bi ruwa.

Abin da ya dace da ƙasarmu shi ne barci mai nauyi, wanda aka rubuta wa Hibernate. Shi kuwa sai ta kwashe aikin ta rubuta a ma'ajiyarta ta dindindin, ta ɗauke gaba ɗaya, ba ta cin wuta. Ko bayan mako guda aka kunna, a inda aka tsaya za a tarar. A Windows 10 da 11 sau da yawa a ɓoye yake. A sashen Power Options ake fito da shi, a nan kuma ake cewa rufe murfi ya zama shi.

Wani abu da ke ruɗa har da malamai: tun daga Windows 8 ta 2012, Shut down ba cikakkiyar kashewa ba ce, takan ajiye wani sashe domin ta tashi da sauri, har da tangarɗar jiya. Restart ne ke wanke ta tas.

Idan ta ƙi tashi, kada a ruga wajen mai gyara tukuna. A cire caja da filash da duk abin da ke maƙale, a danne maɓallin kunnawa daƙiƙa 30, a mayar da caja a bar ta rabin awa, sannan a gwada. In fitila ta kama, fanka na juyawa, allo kuwa baƙi ƙirin, a danna Windows da Ctrl da Shift da B a tare. In kwanan wata ne ke komawa baya kullum, wani ɗan batir ne mai kama da kwabo a cikinta, ba shi da tsada. Amma batirin da ya kumbura har ya ɗaga madannai, a daina sa masa caja nan take, yana iya kama wuta.

In kuwa dole aka je shago, don Allah ku ja kunnen yaran: kada su yarda a goge kwamfuta sai an kwafe musu aikinsu a gabansu. Mun rubuta waɗannan matakai a takarda, mai so ya karɓa wajen magatakarda bayan taro ya aika gida.