Magungunan "Ƙara Kaifin Ƙwaƙwalwa": Mu Yi Tambaya Kafin Mu Haɗiya

 

An umarce ni da in ɗan yi tsokaci a kan wasu magunguna na ƙwaya da na gari da suka cika mana kasuwa, waɗanda ake tallan su a cikin motocin haya da tashoshi, har da cikin wayoyinmu. Mai talla zai ce maka wannan yana buɗe ƙwaƙwalwar yaro ya ci jarrabawar JAMB, wannan yana kore mantuwa, wancan kuma yana cire gajiya da damuwa. Mu kuwa zaman kudu zama ne na fafutuka: ɗan kasuwa ya fita tun asuba, direba ya kwana a hanya, ga kuɗin haya ga kuɗin makaranta. Ba abin mamaki ba ne in mutum ya kai hannu aljihu.

To, mene ne asalinsu? Masana suna kiran wannan rukuni adaptojin, wato tsiron da ake cewa yana taimaka wa jiki jure wahala. Wani masanin magunguna na Tarayyar Sobiyet mai suna Nikolai Lazarev ne ya ƙirƙiro kalmar a 1947, daga baya kuma Rashawa suka riƙa gwada irin waɗannan saiwoyi a kan 'yan wasanni da ma'aikata. Su tsirran kuwa sun girmi sunan nesa ba kusa ba. Akwai ashwaganda, saiwar da masu maganin gargajiya na Indiya suka daɗe suna aiki da ita, ma'anar sunan ma wai "warin doki". Akwai jinsen na Sin da Koriya. Akwai rodiyola da ke fitowa a ƙasashen sanyi kamar Saiberiya. Sau da yawa kuma ana haɗa su da ganyen bishiyar ginko, wanda ake sayarwa da sunan maganin mantuwa.

Shin suna aiki? Amsar ba ta kai yadda mai talla yake faɗa ba. A kan ashwaganda an yi gwaje-gwaje, wasu mutane sun sami sauƙin damuwa da ɗan gyaran barci, amma yawancin gwajin a kan mutane kaɗan aka yi, kuma na wata biyu zuwa uku ne kawai. Shi kuwa ginko an yi masa babban gwaji a Amurka, inda aka bi tsofaffi sama da 3,000 har kimanin shekara 6. Da sakamako ya fito a 2008, sai aka ga waɗanda suka sha da waɗanda ba su sha ba duk ɗaya, bai hana cutar mantuwa ta tsufa ba. Kun ji fa. Balle a ce yaron da bai buɗe littafi ba ƙwaya za ta zuba masa lissafi a ka.

Sai maganar illa, wadda ita ce ta fi damuna. Mutanenmu suna cewa ai ganye ne, ba ya cutarwa. Jama'a, zaƙami ma ganye ne, kowa kuma ya san abin da yake yi wa mutum. Likitoci a ƙasashe daban-daban sun ba da rahoton mutanen da hantarsu ta taɓu bayan shan ashwaganda, har idanunsu suka yi rawaya. A 2023 ƙasar Denmak ta hana sayar da ita gaba ɗaya. Mace mai juna biyu da mai shayarwa su nisance ta, haka ma mai ciwon hanta ko matsalar maƙoƙo. Jinsen yana iya saukar da sukarin jini, saboda haka mai ciwon suga da ke shan maganin asibiti yana iya faɗuwa in ya haɗa su. Ginko kuma yana iya ƙara zubar jini ga mai shan asfirin ko maganin tsinka jini, ko wanda za a yi wa tiyata.

To mene ne abin yi? Na farko, a duba lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 domin kula da abinci da magunguna. Amma a sani, lambar da ake bai wa yawancin magungunan gargajiya shaida ce cewa an duba lafiyar shan su, ba shaida ba ce cewa suna yin duk abin da aka rubuta a kwali. Na biyu, duk robar da ba ta da sunan kamfani, ko jerin abin da ke ciki, ko ranar lalacewa, a bar wa mai ita. Na uku, kada wanda yake shan maganin hawan jini ko na suga ya ajiye shi saboda zaƙin bakin mai talla. A kai kwalin wajen likita ko masanin magunguna a tambaya tukuna. Na huɗu, don Allah kada a ɗura wa yara.

Kada kuma mu manta da namu. Goron nan da iyayenmu suka sauka Shagamu da Ibadan domin fataucinsa yana ɗauke da sinadarin da ke cikin kofi, shi ya sa yake kore barci. Amma kore barci daban, hutawa daban. Direban da ya danne gyangyaɗi da goro bashi ya ci, kuma jiki sai ya karɓi abinsa, wani lokaci a tsakiyar titi.

Abin da aka tabbatar yana gyara tunani ba a kwalba yake ba: barcin awa 7 zuwa 8 ga babba, abinci mai kyau, tafiya da ƙafa, da auna jini a kai a kai. Mantuwar da ta zo farat ɗaya, ko damuwar da ta hana mutum ci da barci har makonni, ta asibiti ce, kuma babu kunya a ciki.

Iyayenmu mata, ku ne masu riƙe da gida, ku sa ido a kan abin da ake shigowa da shi. Lafiya uwar jiki, rigakafi kuma ya fi magani.