Shanun Da Ke Jikin Duwatsun Ennedi: Jawabi Ga Makiyaya Da Fataken Shanu A Njamena



Akwai wata kalma da muka gaji da jinta a duk lokacin da aka toshe burtali ko aka shuka mashaya, wato a ce mana baƙi. To, yau ba gardama muka zo yi ba. Shaidu muka kawo, kuma shaidun nan duwatsu ne da ƙasusuwa da tukwane, waɗanda ba su da ɗan'uwa a cikinmu balle a ce sun yi son kai.

Da farko, shekaru kamar 7,000 da suka wuce, wannan wuri da muke zaune a Njamena yana ƙarƙashin ruwa. Tafkin Chadi na wancan zamani ya kai murabba'in kilomita wajen 350,000, alhali a shekarar 1963, da dattawanmu ke cewa tafki ya cika, bai wuce 25,000 ba. Hamadar da ke arewa da mu a lokacin daji ce mai ciyawa da ƙoramu, da giwaye da raƙuman dawa. A can kiwo ya fara kafuwa. Wanda ya taɓa zuwa Fada ya shiga duwatsun Ennedi ya ga zanen shanu dubbai a jikin koguna, wasu da jar ƙasa, wasu an sassaƙa su. Wani Bafaranshe, Gérard Bailloud, ya bi su yana rubutawa a 1956 da 1957, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa Ennedi cikin kayan tarihin duniya. Ku lura da zanen nan da idon makiyayi. Mai zanen ya bambanta launin kowace saniya, ya fitar da hantsarta, ya nuna yadda ƙahonta ya karkata. Maharbi ba ya kallon dabba haka. Sai wanda ya kwana da ita, ya tatse ta, ya san ta da suna.

Maganar tatsa kuwa an tabbatar da ita. A kogon Takarkori da ke kudancin Libiya, masu tonon kayan tarihi sun samo fasassun tukwane, aka auna maiƙon da ya shige jikinsu, a 2012 aka bayyana cewa na nono ne, mai shekaru kusan 7,000. Ashe sana'ar matanmu ta girmi kowace masarauta da muka sani a ƙasashen nan.

Da ruwan sama ya ja baya hamada ta bushe, sai makiyayan suka gangaro kudu suna bin tafki, kamar yadda muke gangarawa Salamat da Moyen-Chari da rani. A Gajiganna, arewa da Maiduguri, masanan Jami'ar Frankfurt ta Jamus da na Jami'ar Maiduguri sun tona tuddai suka iske ƙasusuwan shanu da awaki da tumaki na shekaru kamar 3,800. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, a ƙasan ramin akwai ƙashin saniya, amma babu alamar geron noma, sai tsabar ciyawar daji. Gero bai bayyana ba sai bayan ɗaruruwan shekaru. Wato a wannan gefe na tafki, garke ya riga gona.

Amma a nan sai mu yi hattara, don gaskiya ɗaya ce. Waɗancan mutane ba a ce Fulani ba ne, ko Larabawan Shuwa, ko Gorane. Sana'ar ce tsohuwa, ba wata ƙabila ba. Haka kuma mutanen Gajiganna da suka koyi noma ba su saki shanunsu ba, gida ɗaya ne ya haɗa biyun. Don haka kada wani ya ɗauki jawabin nan ya mai da shi sanda a kan manomi. Ko shanun ma ba irin namu ba ne. Na jikin dutse ba su da tozo. Kakanninsu an fara horar da su ne a yankin kogin Furatu shekaru sama da 10,000 da suka wuce, masu tozo kuwa, irin su Rahaji da Bunaji da Wadara, asalinsu ƙasar Indiya da Pakistan, daga baya suka shigo ta gabashin Afirka. Raƙumi ma da ake wa kirari da hamada bai fi shekaru 2,000 da yaɗuwa a cikinta ba.

Saniyar da ta fi kusa da ta zanen tana nan da ranta a tsibiran tafki, wato Kuri ta Buduma, farar nan marar tozo mai kumburarren ƙaho, wadda ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri. Tana raguwa saboda barbara da masu tozo da kuma rashin zaman lafiya a tafki. Fatake, ku ne kuke sa farashi a Massakory da Bol, saboda haka ku san abin da kuke lodawa zuwa mahauta.

Ƙidayar dabbobi da aka yi daga 2012 zuwa 2015 ta nuna Chadi na da dabbobi kusan miliyan 94, amma dokar da aka kafa wa masu yawon kiwo ta 1959 ce, tun zamanin Turawa, sabuwar da majalisa ta amince da ita a 2014 kuma aka janye ta. Idan wakilanmu za su koma gaban hukuma a kan burtali, su tafi da tarihin nan a bakinsu.

Sai roƙo guda. Kwalekwalen Dufuna na Jihar Yobe, mai shekaru wajen 8,000, wani Bafulatani makiyayi ne ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya, bai fasa shi ya yi itace ba, ya sanar da hukuma. Mu ne muke shiga inda mota ba ta shiga. Wanda ya ga tsohon ƙashi ko tukunya ko zane a jikin dutse, kada ya tona, kada ya kankare, kada yara su rubuta suna a kai. Ya gaya wa Arɗonsa, shi kuma ya kai labari gidan tarihi na ƙasa da ke nan Njamena.