Hoto Shaida Ne: Wa Zai Adana Namu?



Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma ƙarni na ashirin ya tabbatar da gaskiyarsu. Ran 16 ga watan Yuni 1976, 'yan sandan mulkin wariyar launin fata suka buɗe wa 'yan makaranta wuta a Soweto, ƙasar Afirka ta Kudu. Wani mai ɗaukar hoto, Sam Nzima, ya ɗauki hoton Hector Pieterson, yaro ɗan shekara 12, wani saurayi ya sungume shi jina-jina, yayarsa tana gudu a gefe tana kururuwa. Jaridar The World ta buga shi, duniya ta gani. Hukuma tana iya ƙaryata labari, amma wannan hoto ya fi ƙarfin musu.

To, ba ranar masifa kaɗai hoto ke ba da shaida ba. Seydou Keïta ya buɗe shagonsa a Bamako ta ƙasar Mali cikin 1948, yana ɗaukar 'yan kasuwa da akawuna da amare, kowa da adon da ya zaɓa wa kansa. A 1991 aka baje waɗansu hotunansa a New York, aka ce ba a san wanda ya ɗauke su ba. Da masu bincike suka bi sawu har Bamako, sai suka tarar da shi ya adana dubban finafinan da ake wanke hotunan daga gare su. Wannan ajiya ita ta fito da sunansa. Ɗan ƙasarsu, Malick Sidibé, wanda ya bi samari da 'yan mata wuraren rawa da kyamararsa, ya sami babbar lambar yabo ta baje kolin Venice a 2007. A nan Nijeriya kuwa, J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar hotunan kitson mata a 1968, har ya tara kusan dubu, domin ya lura cewa abin da ake gani kullum shi ya fi saurin ɓacewa.

Mu dawo gida. Tsakanin 1930 da 1931 wani matuƙin jirgin sama ɗan ƙasar Suwizalan, Walter Mittelholzer, ya ratso Sahara ya ɗauki hotunan birnin Kano. Hotunan suna ajiye a birnin Zurich. Dalar gyada kuwa, wadda ta zama tambarin arzikin Kano, ta shuɗe bayan fari da cutar gyada na shekarun 1970, ga kuma man fetur da ya ɗauke hankalin hukuma. Yawancinmu a hoto kawai muka san ta. Da ba a ɗauka ba, da tuni ta koma tatsuniya.

Ga tambayata, jama'a: ina namu gwanayen? A garuruwanmu an yi masu hoto da suka ɗauki hawan salla, da ɗaurin aure, da mahajjata ranar tashi. Ayyukansu suna cikin adakar iyayenmu mata, gara da damshi suna cinsu, babu suna, babu kwanan wata. Idan dattijon da ya san fuskokin ya rasu, hoton ya zama takardar banza.

Saboda haka ina roƙon kowannenmu abu uku. Na farko, a wannan hutu ka zauna da tsofaffin gidanku, ka rubuta sunayen mutanen da ke cikin kowane hoto, da wurin, da shekarar. Na biyu, ka nemi tsofaffin masu hoto na garinku ko magadansu, ka roƙe su kada su zubar da finafinansu. Na uku, tunda kusan kowa yana da kyamara a wayarsa, ka ɗauki kasuwar shanu ta Wudil ranar Juma'a, da masunta a bakin kogi, bayan ka nemi yardarsu. Ƙungiyarmu kuma ta tuntuɓi Gidan Makama a Kano da Gidan Arewa a Kaduna game da hanyar adanawa.

Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an adana ta. Allah Ya ba mu ikon cika wannan amana.