Zaɓen Sandar Fatsa Mai Matsakaicin Farashi Don Kamun Karfasa a Ruwayen Abuja



Idan aka ce kamun kifi, hankalin Bahaushe Argungu yake tafiya, inda tun 1934 ake fito da giwan ruwa daga Matan Fada da koma da gora. Wannan hoton ne ke ruɗar ma'aikacin Abuja da ya shiga kanti neman sandar fatsa. Sai ya ɗauko ƙatuwar sanda mai kauri, alhali abin da zai tarar a bakin Tafkin Jabi ko yankin Usuma da Gurara yawanci karfasa ce da kawara, sai tarwaɗa jefi-jefi. Matsayina a wannan takarda shi ne, bakin kifin ake dubawa kafin a taɓa aljihu.

Karfasa ƙaramin baki gare ta, kuma ba ta wawurar abinci. Tsakura take yi, ta saki, ta dawo. Sanda mai tauri ba ta isar da wannan motsi zuwa hannu, sai mutum ya wuni yana ciyar da kifi tana kyauta. Abin da ya dace shi ne sanda mara nauyi mai laushin kai, tsawon mita 1.8 zuwa 2.1. Ta kabon ta fi jin motsi amma ba ta jure bugu. Ta faibagilas ta fi nauyi, ta fi araha, ta fi haƙuri da but ɗin mota. Ga mai koyo, ta biyun na fi so.

Inda nake roƙon a kashe kuɗin shi ne na'urar naɗe zare. Mai lamba 1000 zuwa 2500 ta wadatar. Kada yawan ƙwallayen boris da aka rubuta a kwali ya ja ku. Huɗu nagari sun fi goma na banza. Birkinta za a gwada. A ɗaura zare tun a kanti, a sassauta birkin, a ja da hannu. In zaren ya fito sumul, madalla. In yana fizga yana tsayawa, a ajiye ta ko da an rubuta Shimano ko Daiwa a jiki, domin jabu sun yi yawa a kasuwa. Amfanin birkin yana bayyana ne ranar da tarwaɗa ta haɗiye ƙugiyar da aka ɗana wa karfasa: ko dai ya sakar mata zare ta gaji, ko zaren ya tsinke nan take.

Zaren roba mai kaurin milimita 0.18 zuwa 0.22 da ƙugiya lamba 8 zuwa 12 sun isa. A shafa yatsa a cikin zobban sandar, don kaushi kaɗan yana cinye zare.

Akwai abin da masu ƙera kayan nan ba su lissafa da shi ba, wato ƙurar hunturu da jar lakar damina. Su ne ke kashe na'ura a nan, ba tsatsar ruwan gishiri ba kamar a Legas. Shi ya sa mai tsadar gaske asara ce ga mafi yawanmu, tunda kayan gyaranta sai an yi odar su daga waje, mai arahar gaske kuwa ba ta kai damina biyu. A tambayi mai kanti ko na'urar tana kwancuwa da sukundireba, a wanke ta, a sa mata mai. In ya ce ba a buɗe ta, a nemi wata.