Jawabi a Taron Karrama Sababbin Hafsoshin Soja 'Yan Masarautar Gumel

 

Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka. Hakimai da dagatai, malamanmu, iyayenmu maza da mata da kuka taso daga Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar da nan cikin garin Gumel, assalamu alaikum.

Mun taru ne saboda waɗannan 'ya'ya namu da suka kammala horo a makarantar hafsoshi ta Kaduna, aka ɗora musu anini a kafaɗa. Mun gode wa Allah. Da izinin Mai Martaba, maganata da su zan yi.

'Ya'yana, ƙasar da ta haife ku ta san yaƙi. Tun kafin a dawo da gadon sarauta daga Tumbi zuwa nan a 1845, da kuma bayan haka, Gumel ta gwabza da Haɗeja da Kano da Damagaram, kuma ba ta taɓa shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Ƙaramar ƙasa ce a tsakanin manya. 'Yan baka da barade da suka tsare ta manoma ne da makiyaya, babu albashin da yake jiran su a ƙarshen wata. Mutum irin wannan ba ya barin gonarsa ya bi wani zuwa bakin daga sai ya tabbata wanda ya kira shi zai tsaya inda ya tsaya.

Sojan yau yana da albashi, yana da doka a kansa. Zai sara muku, zai bi umarninku tun ranar farko. Amma amincewarsa sai kun nema, kuma a hankali take zuwa.

Ku tuna abin da ya faru a barikin Maimalari da ke Maiduguri a watan Mayu na 2014. An kawo gawarwakin sojojin da aka yi wa kwanton ɓauna a hanyarsu ta dawowa daga yankin Chibok, sai wasu daga cikin abokansu suka buɗe wa motar kwamandan runduna ta bakwai, Manjo Janar Ahmadu Mohammed, wuta. Kotun soja ta yanke wa mutum 12 hukuncin kisa, daga baya aka mayar da shi ɗaurin shekara 10. Tawaye laifi ne babba, ba na wanke kowa. Sai dai ku saurari kukan da suka yi: sun ce ana tura su ba isassun makamai, haƙƙoƙinsu ba sa zuwa a kan kari, in sun yi magana ba mai ji. Irin wannan ɓacin rai ba ya taruwa a rana ɗaya.

A yaƙin wancan yankin dai aka yi Muhammad Abu Ali, kwamandan tankokin yaƙi da ya taka rawa wajen ƙwato Baga a farkon 2015. A shekarar aka yi masa ƙarin girma na musamman daga manjo zuwa laftanar kanar. Shaidar da yaransa suka yi masa ita ce a gaba yake tafiya, kuma ran kowannensu yana da daraja a wurinsa. Ranar 4 ga Nuwamba 2016 ya rasu a Malam Fatori tare da wasu sojojinsa. Allah ya ji ƙansu. Ƙananan sojoji sun yi kukansa kamar sun rasa uba, kuma wannan kukan ba umarni aka ba su ba.

Malamai suna nan, sun fi ni sani: a yaƙin Khandaƙ, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya karɓi shawarar Salmanul Farisi, sannan ya shiga ramin yana haƙa, yunwar da take cin sahabbai tana cin sa. To, wane ne laftana da zai ƙi sauraron sajan ɗin da ya shekara ashirin a daji? Na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. Ku tambayi samanja kafin ku yanke shawara, in kun yanke kuma ku ɗauki nauyinta, kada ku jingina kuskurenku a wuyan kofur.

Abin da ya fi damuna shi ne kuɗi. Alawus ɗin yaro da abincinsa da man motar sintiri za su bi ta hannunku. Duk wanda ya taɓa ko sisi, yaransa za su sani kafin gari ya waye, kuma ba za su sake yarda da kalmarsa ba ranar da wuta ta buɗe. Ku ci bayan sun ci. Ku san sunan kowa, da garinsu, da wanda matarsa take kan gwiwa. In wani ya faɗi, ku bi haƙƙin iyalinsa har ya shiga hannunsu, domin sauran suna kallo.

Haka nan talakan da za ku tarar a shingen hanya. Ɗan tireda ne ko mai kora shanu, irin waɗanda kuke gani ran Alhamis a kasuwar Maigatari. Abin da kuka bari yaranku suka yi masa, a littafinku za a rubuta.

Iyaye mata, mun san abin da yake zuciyarku. Ku ci gaba da yi musu addu'a. Allah ya tsare mana su, ya ba su nasara, ya dawo da su lafiya tare da waɗanda aka ba su amana. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ƙara wa Sarki imani da nisan kwana.