Zaɓen Gidan Soja da Sauya Sheƙar Hafsa



Duk shekara idan sakamakon bakaloreya ya fito, a gidaje da dama na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai akan sami saurayin da zai tunkari mahaifinsa ya ce shi aikin kaki yake so. Uban, ko ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin gwamnati, yakan sa albarka, yana zaton ai soja soja ne. To amma kaki gidaje gare shi, kuma ƙofar da yaro ya shiga yana ɗan shekara ashirin ita ce za ta yanke inda zai zauna, da irin hatsarin da zai fuskanta, da saurin ƙarin galonsa, har da sana'ar da zai riƙe bayan ritaya. Maganar kuma ta wuce gida ɗaya, domin kuɗin harajin ɗan kasuwa ne ke horar da hafsa, kuma tarihi ya nuna cewa wurin da aka ajiye hafsa yana iya juya ƙasa baki ɗaya.

An kafa rundunar mayaƙan Nijar ran 1 ga Agusta 1961, shekara guda bayan samun mulkin kai. Babban gida a cikinta shi ne na sojan ƙasa, wanda shi ma ɗakuna gare shi: ƴan ƙafa, ƴan laima, masu motocin sulke, masu manyan bindigogi, injiniyoyi masu gina hanya da gada, masu sadarwa, da likitoci. Sai sojan sama, waɗanda suka fara a matsayin ɗan ƙaramin rukunin jiragen jigila kafin su zama runduna mai hafsan hafsoshinta, da sansani a Yamai da Agadas. Sai jandarma, waɗanda sojoji ne a ƙarƙashin ministan tsaro, amma aikinsu na yau da kullum binciken laifi ne da tsaron hanyoyi da ƙauyuka, hannu da hannu da alƙalai. Sai kuma gardi, masu tsaron gidajen kaso da ma'aikatun hukuma da karkara, su kuwa ministan cikin gida ne ubangidansu. Nijar ba ta da teku, saboda haka ba ta da sojan ruwa irin na Nijeriya ko Senegal.

Kowane gida da halinsa. Hafsan sojan ƙasa mai jan mutane ne; a ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 1,267,000, rabonsa shi ne zaman bariki mai nisa, yau Dirku, gobe Difa, jibi iyakar Mali, iyali kuwa sai an ga hali. Hafsan sama mutumin lissafi ne da inji. Kafin a karɓe shi sai likita ya auna ido da kunne da zuciya, kuma ciwo kaɗan yana iya sauke shi daga jirgi har abada. Hafsan jandarma shi da littafin doka ba sa rabuwa, kullum yana tsakiyar rikicin manomi da makiyayi, ko na ɗan kasuwa da ɓarawo, ga kuma jarrabar cin hanci a bakin kowane shinge. Wanda bai san halin kansa ba, ya bi sha'awar launin riga kawai, shi ne ke dawowa bayan shekara biyar yana neman a sauya masa gida.

Sau da yawa ma ba yaro ne ke zaɓe ba, makinsa ne ke zaɓar masa. A makarantar hafsoshi ta Saint-Cyr a Faransa, wadda Napoleon ya kafa a 1802, kuma wadda tsarin sojan ƙasashen renon Faransa ya ɗauki al'adu da yawa daga gare ta, a ƙarshen karatu akan jera ɗalibai bisa maki. Na ɗaya ya tashi ya ɗauki rukunin da ransa ke so, na biyu ya biyo, har a zo kan na ƙarshe, wanda sai abin da aka rage. Hafsoshin Nijar na farko-farko kuwa, da yawansu gurbin karatun da ƙasashen waje suka bayar ne ya yanke musu hanya, wasu Faransa, wasu Maroko, wasu Antsirabe ta Madagaska. Yanzu ƙasa tana da makarantar horar da hafsoshinta, amma matuƙin jirgi har yanzu yawancin horonsa a waje yake yin sa, da kuɗi masu nauyi.

Sauya gida bayan an ɗaura galo iri uku ne, kuma bai kamata a cuɗa su ba.

Na farko shi ne wanda ƙasa ke yi don bukatarta, musamman idan za ta gina sabuwar runduna. Seyni Kunce ya fara aikin soja ne a rundunar Faransa, ya je Indocin da Aljeriya, sannan a 1961 aka maido shi rundunar Nijar tare da ire-irensa, su ne suka zama harsashin gininta. A Amurka, sojan sama reshe ne na sojan ƙasa har zuwa Satumba 1947, lokacin da aka yaye su, hafsoshi dubbai suka sake riga ba tare da sun rasa muƙami ba; haka aka sake yi a Disamba 2019 da aka kafa rundunar sararin samaniya. A Nijeriya, da aka kafa sojan sama a 1964, Jamusawa ne suka fara shugabantarsu, daga baya aka ara musu hafsoshin sojan ƙasa irin su George Kurubo da Emmanuel Ikwue, sai a 1975 John Yisa-Doko, wanda matuƙin jirgi ne ɗan gida, ya karɓi ragama. Wato an ɗauki shekara 11 kafin sabon gida ya haifi maigidansa.

Na biyu shi ne wanda hafsa ke nema da kansa. Husni Mubarak na Masar ya gama makarantar sojan ƙasa a 1949, ya juya zuwa makarantar sojan sama ya fito matuƙi a 1950, har ya zama shugaban rundunar a 1972. Abin lura a nan shi ne ya juya ne da wuri, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A Faransa jandarma suna ɗaukar kaftin-kaftin na sauran rundunoni ta hanyar jarrabawar gasa, sannan a mai da su makarantar Melun su koyi doka. A Amurka doka ta yarda da sauyin, bisa sharaɗin gidan da za a bari ya saki, gidan da za a shiga ya karɓa, kuma kada hafsa ya sami fifikon da ya wuce wanda yake da shi kafin ya tashi. Hikimar sharaɗin a fili take. Rundunar da ta kashe dukiya ta horar da mutum tana da haƙƙi a kansa, waɗanda ya tarar a sabon gida kuma suna da haƙƙin kada baƙo ya tsallake su a layi.

Ko da an cika sharuɗɗan, sauyin yana da farashi. Hafsa yana rayuwa ne da ƴan ajinsu, su suka san ƙarfinsa da rauninsa, su ne kuma za su shaide shi ranar rabon muƙami. Wanda ya koma wani gida ya bar wannan jari a baya. Zai koma ɗalibi da furfura a gemu, ƙananan da zai ba umarni sun fi shi sanin aikin, kuma duk kuskuren da ya yi za a ce ai ba ɗan gida ba ne. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Nijar ta ɗanɗana makamancin wannan bayan yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilu 1995, lokacin da aka shigar da tsofaffin ƴan tawaye cikin masu kaki, musamman gidan gardi, wanda aka sake wa fasali da suna a 1997, aka kuma sake a 2010. Tambayar wane galo ya dace da wa ta daɗe tana cin rai a barikoki.

Na uku shi ne mafi hatsari, wato sauyin da siyasa ke yi. A ɗauke hafsa daga dakarunsa a tura shi ofishin jakadanci don ana tsoronsa, ko a jawo wani kusa da fada don ɗan gari ne ko ɗan jam'iyya. Sau biyar soja suka karɓi mulki a Nijar. A 1974 Seyni Kunce shi ne hafsan hafsoshi, haka Ibrahim Bare Mainasara a 1996. A 1999 Dauda Malam Wanke shi ne shugaban masu tsaron fada. A 2010 Salu Jibo yana jan wani rukuni mai manyan makamai a Yamai. A 2023 Abdurahaman Tiyani shi ma shugaban masu tsaron fada ne. Duk biyar ɗin daga kujerun da ke kusa da fada da makaman babban birni suka taso. Matuƙar matasa suka fahimci cewa kusanci da fada ya fi ƙwarewa riba, to kowa can zai nufa, a bar iyakoki ga waɗanda ba su da uwa a gindin murhu. Rundunar da aka raba haka ba ta iya fuskantar abin da ke faruwa a Tilaberi da Difa.

Saboda haka akwai abin da ya rataya a wuyan hukuma. A rubuta ƙa'idar sauya gida a buga ta, kowane hafsa ya san shekarun da zai biya rundunar da ta horar da shi, da jarrabawar da zai ci, da matsayin da zai tarar a layi. Kwamitin hafsoshi ne ya kamata ya yanke, da dalili a rubuce, domin abin da aka yi da wayar tarho cikin dare, da wayar tarho ake warware shi. Kada kuma a mai da sauyi horo, ko tukuicin biyayya ga mutum ɗaya.

Iyaye su ma da nasu. Kafin a sa albarka, a zauna da yaro a tambaye shi wane gida yake nufi, kuma don me. A kai shi wurin tsohon soja da tsohon jandarma su gaya masa ɗacin aikin kafin daɗinsa. Ɗan kasuwar da ba ya sayen buhu sai ya soka masa tsinke ya ga ƙwaya, bai dace ya miƙa ɗansa ga aikin shekara talatin ido rufe ba. Uban da kuma ya bi ta bayan gida ya nema wa ɗansa kujera mai inuwa, ya san cewa ɗan wani ne aka tura rana a madadinsa.

Allah ya tsare masu tsaron ƙasa, ya jiƙan waɗanda suka kwanta dama a bakin aiki, ya ba Nijar zaman lafiya.